Kifin kogin da ke ƙasan tsofaffin masana'antu: a ci ko a bari?

Mai Fatsa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Tambaya ce da ni, kuma don Allah wanda ya san abin ya ba ni amsa ta ilimi, ba ta tsoratarwa ba.

Ni ba su ne sana'ata ba, amma tun ina yaro nake jefa fatsa, kuma kusan duk kifin da ake ci a gidana ni nake kamo shi. Kogin da nake zuwa sai ya ratsa ta bayan wasu tsofaffin masana'antu kafin ya iso inda nake zama. Yawancinsu an rufe su tun ban yi aure ba. A filin ɗaya daga cikinsu har yau akwai matattun taransfomomi a jibge, sun yi tsatsa, ƙasar da ke ƙarƙashinsu ta yi baƙi ƙirin, ko ciyawa ba ta fitowa a wurin.

Kwanakin baya na tarar da wasu ɗalibai a bakin ruwa suna ɗibar laka a kwalabe. Ɗaya daga cikinsu ta ga tarwaɗar da na kama, ƙatuwa ce, rabona da samun irinta an jima. Ta tambaye ni wa zai ci, na ce iyali. Da hira ta kai ga cewa maiɗakina na da juna biyu, sai fuskarta ta canza, ta ce, "Kawu, don Allah kada ka ba ta wannan. In dole ne, ka ba ta ƙanana." Kafin in nemi dalili motarsu ta tashi.

Abin ya tsaya mini a rai. Ruwan nan garau yake in ba da damina ba. Kifin lafiyayye ne, ga ƙiba, ba wari, ba miki, ban taɓa ganin kifi ya mutu ya taso sama ba. To wace irin guba ce za ta zauna a jikin kifi, shi bai mutu ba, amma ta cuci wanda ya ci shi? Kamfanin da aka rufe shekara da shekaru, me ya rage masa da zai zubar? Ko da ma akwai wani abu, ai ba ɗanye muke ci ba, wuta yake sha. Abin da ya fi ɗaure mini kai kuma, me ya sa babban ne abin gudu? Ni da na ɗauka shi ya fi amfani a jiki.

Tsohon Masunci ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Yaro, ci kifinka. Na haura saba'in, da kifin kogi aka yaye ni, da shi na yaye 'ya'yana, ga ni nan ina karanta rubutunka ba tabarau. Ruwa mai gudu wanke kansa yake yi, abin da aka zuba yau gobe ya yi gaba. Yaran makarantar nan in aka ba su kwalba da safar hannu sai su ga cuta ko'ina. Kifin da zan hana ka shi ne wanda aka kashe da maganin feshi, kuma ai ka san shi: jiki ya saki, ido ya yi fari, kafin yamma ya fara ruɓa. Wanda ya cafki fatsa da ƙarfinsa kuwa, lafiyarsa lau.

Malama Mai Gwaji ta rubuta:

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Maganarka a kan kifin feshi gaskiya ce, amma a kan ruwa mai gudu ka yi mini izini in ɗan saɓa maka.

Malam Mai Fatsa, wannan aikina ne. A ɗakin gwaje-gwaje nake, ana kawo mana kifi a ƙanƙare, mu auna tsawonsa, mu yanko tsoka daga gadon baya, mu niƙa, mu duba abin da ke ciki. Sau da yawa kifin da ya fi kyau a ido shi ne wanda sakamakonsa ke sa in sake gwajin don in tabbatar ba na'ura ce ta rikice ba. Ɗalibar nan ba ta yi maka ƙarya ba, gaggawa ce ta hana ta bayani.

Gubar da Baba ya ambata mai kisa ce nan take. Wadda muke magana a kai wata ce daban: ba ta ruɓewa. Rana ba ta lalata ta, ƙwayoyin halittar da ke cinye ƙazanta ba sa iya cinye ta, jiki kuma ba ya fitar da ita da wuri. Manyan cikinta su ne zaiba, wato makuri. Man PCB da aka daɗe ana zubawa a taransfoma. Tsofaffin magungunan ƙwari irin su DDT, diyeldirin da lindan. Dayoksin da ke fitowa daga ƙona shara da wasu ayyukan masana'antu. Sai dangin PFAS na kumfar kashe gobara da kayan da ruwa ko maiƙo ba ya kama su. Ruwa yana gudu, haka ne, amma yawancin waɗannan ba sa bin sa. Ba sa narkewa a cikinsa sosai, sai su manne wa laka su kwanta a ƙasa, ita kuwa laka tana nan inda take. Duk ambaliya, duk tonon yashi, duk tarwaɗar da ta cusa baki tana kiwo, tsohon abu ake tasowa.

Ka ce an rufe kamfanonin. Dubi kogin Hudson a jihar New York ta Amurka. Daga 1947 zuwa 1977 masana'antu biyu na kamfanin General Electric suka zubar da PCB da aka ƙiyasta ya haura tan 500 a cikinsa. Amurka ta haramta ƙera PCB a 1979. An yashe lakar kogin daga 2009 zuwa 2015, aka kwashe ta a jiragen ƙasa. Duk da haka, a sashen saman kogin har yanzu ƙa'idar ita ce in ka kama kifi ka sake shi, ba a ci. Kusan shekara hamsin ke nan da daina zubarwa. Saboda haka taransfomomin nan da ka ce ƙasa ta yi baƙi a ƙarƙashinsu, su ne suka fi tayar mini da hankali a rubutunka. Ba kowace taransfoma ke da PCB ba, amma tsofaffin da aka ƙera kafin shekarun 1980 abin zargi ne har sai an gwada. Kada kowa ya taɓa man, kada yara su yi wasa a wurin. Yarjejeniyar Stockholm ta ƙasashen duniya kan sinadaran da ba sa ruɓewa, wadda aka sa wa hannu a 2001 ta fara aiki a 2004, ta sa PCB cikin sinadarai 12 na farko da ta sa gaba, ta kuma ɗiba wa ƙasashe 2025 su daina amfani da kayan da ke ɗauke da shi, 2028 su kammala kawar da shi. A takarda ke nan. A ƙasa, irin jibgin da ka gani yana nan a ƙasashe da yawa.

Yanzu batun babba da ƙarami. Jikin kifi asusu ne da ake sakawa kullum ba a fasawa. Gansakuka ta ɗebi kaɗan daga ruwa, ƙananan ƙwari su ci gansakuka mai yawa, ɗan kifi ya ci dubban ƙwarin, babban kifi ya ci ɗaruruwan ƙananan kifaye. Naman yana narkewa ya fita, gubar tana zama. Kowane mataki ninkawa yake. Kifin da ya fi daɗewa a duniya, ya fi cin 'yan'uwansa, shi ya fi tarawa. An ga wannan ƙarara a tafkin Clear Lake na jihar Kalifoniya a Amurka. A 1949, 1954 da 1957 aka zuba maganin DDD, ɗan'uwan DDT, don kashe wasu ƙananan ƙwari masu damun masu shaƙatawa. Abin da aka zuba bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan 50 na ruwan ba. Sai tsuntsayen da ke nutso suna cin kifi suka fara mutuwa, da aka auna kitsensu aka sami har kashi 1,600 cikin miliyan, wato ninki 80,000 na abin da ke ruwan. Wanda ya ɗebi ruwan tafkin a kwalba ya gwada, da ƙyar zai ga wani abu. Shi ya sa in mutum ya ce mini an gwada ruwan kogi an ce lafiya, nakan tambaye shi, kifin fa?

Wuta kuma ba ta taimakonka yadda kake zato. PCB don ba ya ƙonewa da sauƙi aka zaɓe shi tun farko, shi ya sa ya dace da taransfoma, to ina ga wutar murhu. Zaiba kuwa ƙarfe ce, ba abu mai rai ba balle a kashe ta. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne kowacce da inda take zama a jikin kifi. PCB, DDT da dayoksin kitse suke bi: ƙarƙashin fata, tumbi, baƙin layin nan na gefe, hanta, ƙwai, da kai. In ka feɗe fatar, ka yanke kitsen ciki da baƙin layin, ka zubar da kayan ciki, ka gasa yadda man zai ɗige ƙasa, kana iya rage su da kusan rabi. In ka dafa da komai da komai ka sha romon, ba abin da ka rage. Zaiba kuwa a tsokar kanta take, manne da furotin, ba wuƙar da za ta raba su. Soyawa ko busarwa ruwa kawai suke cirewa, sai ma a ce kowane giram na abin da ya rage ya fi ɗauke da ita. PFAS shi ma ba ruwansa da kitse, jini da hanta da tsoka yake bi.

Zaiba tana da wani hali da ya sa ba sai da masana'anta a kusa ba. Ƙona kwal da haƙar zinariya ta gargajiya suna tura ta sama, iska ta kai ta nesa, ruwan sama ya sauko da ita. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ɗora wa ƙananan masu haƙar zinariya kusan kashi 38 cikin 100 na zaibar da ɗan Adam ke fitarwa sama, su ne kan gaba. In ta kwanta a laka inda babu iska, wasu ƙwayoyin bakteriya su mayar da ita nau'in da ake kira metilmakuri, wanda hanji ke tsotse kusan dukkansa, ya ratsa har ƙwaƙwalwa. Kowa ya san Minamata ta Japan, inda a 1956 aka gano cutar da zaibar masana'anta ta jawo ta hanyar cin kifi, bayan da kyanwoyin garin suka riƙa tangaɗi suna faɗawa ruwa. Can bakin teku ne. Amma a 1965 irinta ta ɓulla a Niigata, kuma kifin kogin Agano ne ya jawo, ruwan daɗi irin naka. Alamomin su ne sagewar yatsu da leɓe, gani ya ƙuntace kamar ana leƙe ta bututu, tafiya da tangaɗi, harshe ya yi nauyi. Abin da ya fi ban tausayi, an sami uwayen da ba su nuna alamar komai ba, amma suka haifi 'ya'ya da lalurar ƙwaƙwalwa.

Ba cewa nake kogin naka ya kai haka ba, waɗancan zubarwa ce ta fitar hankali. Ga dai lissafi ka gani da idonka. Kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ya sa iyakar metilmakuri a mako ta zama maikrogiram 1.6 (maikrogiram kashi ɗaya ne cikin dubu na miligiram) ga kowane kilo na nauyin mutum. Mace mai kilo 60 ke nan tana da 96 a mako. Kifin da ke da rabin miligiram a kilo, wato maikrogiram 500, wanda shi ne iyakar da ƙasashe da yawa suka sa wa kifin sayarwa, yankan giram 150 nasa yana ɗauke da 75. Ci ɗaya ya kusa cinye rabon mako. Ƙaramar karfasa mai cin gansakuka, in tana da kashi ɗaya cikin goma na wannan, ci ɗaya 7.5 ne kacal. Kogi ɗaya, rana ɗaya, fatsa ɗaya. Abin da ɗalibar take nufi ke nan.

Sista Mai Awo ta rubuta:

Malama ta gama magana, Allah ya saka. Ni abu ɗaya nake tsoro, kuma na sha ganinsa a ɗakin awo: a gaya wa mai ciki cewa kifi na da guba, sai ta daina ci kwata-kwata, ba ta kuma da abin da za ta maye gurbinsa da shi. Wannan ma cuta ce. Kifi na da furotin da irin man da ƙwaƙwalwa da idon ɗan tayi ke buƙata. Hukumomin abinci da muhalli na Amurka shawararsu ga mai ciki da mai shayarwa ita ce ta ci kifi mai ƙarancin zaiba sau biyu zuwa uku a mako, kimanin giram 225 zuwa 340 gaba ɗaya. Amma ga kifin da wani ya kamo a kogi ko tafkin da ba a taɓa gwadawa ba, cewa suka yi ta ci sau ɗaya, kada ta ƙara wani kifin a wannan makon. Naka kuwa, ɗan'uwa, ba wai ba a sani ba ne kawai, akwai abin zargi a bakinsa.

Dalilin da ya sa muke ware mai ciki da ƙananan yara shi ne, mabiyiya ba ta tare waɗannan abubuwan. Zaiba ma takan fi yawa a jinin cibiya a kan jinin uwa. Kuma lahanin ba irin wanda za a gani ranar haihuwa ba ne. A jihar Michigan ta Amurka an bi 'ya'yan matan da da yawansu suka riƙa cin kifin tafkin Michigan mai PCB, aka fitar da sakamakon a 1996 lokacin yaran na da shekara 11. Waɗanda suka fi samun sinadarin tun suna ciki, yiwuwar su yi ƙasa a gwajin basira ta ninka sau uku, yiwuwar su kasance baya da shekara biyu a fahimtar karatu ta ninka sau biyu. Yaro ne lafiyayye, yana gudu yana wasa, sai dai a ce ba ya ja a makaranta, ba wanda zai tuna da kifi. Baba, ka yi haƙuri, shi ya sa lafiyar idonka ba ta zama hujja ba. Kogin da aka yaye ka da kifinsa ma ba lallai ne a ce shi ne na yau ba.

Kada maiɗakinka ta tayar da hankalinta kan abin da ta riga ta ci. Zaiba tana raguwa da rabi a jini cikin kamar kwana 50, don haka canjin da aka yi yau zai yi amfani tun kafin haihuwa. PCB da PFAS su ne masu shekaru a jiki. In ta haihu kuma ta shayar, kada wani ya hana ta. Ana samun ɗan abin a nono, gaskiya ne, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta janye shawarar shayarwa ba saboda amfanin ya rinjaya nesa ba kusa ba. Ta kuma gaya wa mai duba ta a wurin awo irin kifin da take ci da inda ake kamo shi.

Mai Fatsa ya rubuta:

Na gode Malama, na gode Sista. Tarwaɗar dai tana cikin firji, ban san yadda zan yi da ita ba, zubar da ita ya yi mini nauyi. Tambayoyi uku suka rage. In na koma kifin kiwo na kududdufi, na tsira? Sannan mutum irina zai iya kai kifi a gwada masa? In haura can sama da masana'antun in yi fatsa fa, ya wadatar?

Tsohon Masunci ya rubuta:

'Yata, na ji bayaninki, kin iya magana. Ni dai ban sauka daga kan bakana ba, amma zan faɗi abin da na gani don kada in ci amana. Da muna samari karen ruwa har ɓarna yake mana, ya yaga taru ya cinye kamu. Gaggafa kuwa kana cikin kwale-kwale za ta sauko ta ɗauke kifi a gabanka. Yau babu ko ɗaya. Ni na ɗora wa madatsar ruwa da aka gina da kuma yara masu bindiga, ban ce guba ba ce.

Amma ga tawa tambayar, ke da Sista. Shi wannan yaron nishaɗi yake yi, yana da wani abin yi. Wanda kogin ne gonarsa fa? In kuka kafa allo kuka ce kada a ci, wanda ya zuba abin ya daɗe da kwashe ribarsa ya tafi, ku kuma albashinku na tafiya. Masunci ne kawai zai kwana da yunwa. Ku masu gwaji kun iya hanawa, ban taɓa ganin kun zo da madadi ba.

Malama Mai Gwaji ta rubuta:

Baba, wannan tambayar taka ta fi ta kowa nauyi, kuma ba zan ce ba ka da gaskiya ba. An yi haka a Kanada. Daga 1962 zuwa 1970 wata masana'antar sinadarai da ke haɗe da kamfanin takarda a garin Dryden na lardin Ontario ta zubar da zaiba kimanin tan 9 a kogin Wabigoon. A ƙasan kogin akwai 'yan asalin ƙasar na Grassy Narrows, waɗanda kifi ne abincinsu, shi ne kuma sana'arsu. A 1970 aka hana kamun kifin sayarwa, aiki ya tsaya cak, mutane kuwa suka ci gaba da ci don ba su da wani abin. Sun yi asarar sana'a, ba su kuma tsira daga cutar ba. Likitan Japan Masazumi Harada, wanda ya yi aiki a Minamata, ya je ya duba su a 1975. Sai a 2017 gwamnatin lardin ta ware dalar Kanada miliyan 85 don gyaran kogin. Don haka ni ma ban yarda da allon "kada a ci" shi kaɗai ba. Shawarar da ke aiki ita ce mai rarrabewa: wane kifi, mai wane tsawo, sau nawa a wata, ga wa. Namiji babba zai iya cin abin da mai ciki ba za ta ci ba. Kuma a bi tushen a toshe. A wani tafkin gwaji na Ontario masu bincike sun riƙa zuba zaiba mai alamar da za a gane ta da ita daga 2001 zuwa 2007, da suka daina sai ta ragu ƙwarai a jikin kifi cikin 'yan shekaru. Toshe sabon zubi yana da amfani tun mutum na raye.

Karen ruwa da gaggafa kuwa, ba zan ce na san abin da ya kore su a wurinku ba, bindiga da madatsa duk suna iyawa. Sai dai ka lura, su biyun kifi ne abincinsu safe da yamma, su ne a ƙarshen layi. A Ingila karen ruwa ya fara ɓacewa a ƙarshen shekarun 1950, daidai lokacin da diyeldirin ya shiga gonaki, har ya ƙare a yawancin ƙasar. Bayan an hana maganin ya riƙa dawowa a hankali, sai a 2011 aka tabbatar ya koma kowane yanki. Gaggafar Amurka mai farin kai DDT ne ya sa ɓawon ƙwanta ya yi laushi, uwa ta kwanta a kai ya fashe. A 1963 ma'aurata 417 kawai aka ƙidaya a jihohi 48. An hana DDT a 1972, a 2007 aka cire ta daga jerin masu fuskantar ƙarewa. Ba gawa ake gani ba a irin wannan, haihuwa ce ke tsayawa, shi ya sa masunci ba zai ga komai ba sai dai wata rana ya lura babu. Ita madatsar da ka zarga ma tana da hannu ta wata hanya: in aka datse ruwa ya shanye daji, ganye da ciyawar da suka nutse suna ruɓewa, bakteriyar nan ta samu abinci, zaibar kifi ta ninka. An auna haka a madatsun La Grande na lardin Quebec a Kanada, kuma sai da aka ɗauki shekara 10 zuwa 30 kafin ta sauko.

Malam Mai Fatsa, yanzu ga amsar tambayoyinka. Kifin kiwo yawanci ya fi sauƙi, don watanni kaɗan yake yi a duniya, bai samu lokacin tarawa ba. Amma ka tambayi abu biyu: daga ina ruwan kududdufin yake, me kuma ake ba shi. In daga kogin nan ake jan ruwa, ko rijiyar tana kusa da filin jirgin sama ko wurin atisayen kashe gobara, to akwai magana, domin PFAS ba kamar sauran ba ne, yana bin ruwa har ƙarƙashin ƙasa. Wani bincike da aka fitar a Amurka a 2023, daga kifaye sama da 500 na koguna da tafkuna, ya ƙiyasta cewa cin kifi ɗaya daidai yake da shan ruwa mai nanogiram 48 na PFOS, ɗaya daga cikin dangin PFAS, a lita tsawon wata guda, alhali iyakar da ƙasar ta sa wa ruwan sha a 2024 nanogiram 4 ce. Ni kwatancin ya ɗan yi mini zafi, amma alƙiblarsa daidai ce. Haurawa sama da masana'antun dabara ce mai kyau, sai dai kifi ba ya zama wuri ɗaya, musamman da damina. Ka haura sosai, in da hali ka tsallake wata madatsa ko gangara da kifi ba ya iya hawa, ka kuma riƙa sakin manyan masu cin kifi irin su giwan ruwa da tsofaffin tarwaɗa.

Tarwaɗar firjin nan kada ka zubar, kada kuma a ci. Ita ce samfurinka. Rubuta ranar da ka kama ta, wurin, tsawonta da nauyinta a takarda da fensir. Naɗe ta da takardar alminiyam kafin ka sa a leda, don kada roba ta taɓa naman in PCB za a duba. Ta zauna a ƙanƙare. Kifi ɗaya ba ya ba da labarin kogi, don haka in ka samu ka haɗa uku zuwa biyar iri ɗaya masu kusan girma ɗaya, da wasu ƙananan karfasa daban don a kwatanta. Ka nemi ɗaliban nan ta sashen kimiyyar sinadarai ko na muhalli a jami'ar da ke kusa, tunda sun riga sun fara aiki a kogin za su so kifin, ka kuma sanar da hukumar muhalli batun taransfomomin a rubuce. Gwajin zaiba shi ya fi sauƙin samu. Na PCB da dayoksin da PFAS yana buƙatar manyan na'urori da ba kowane ɗakin gwaji ke da su ba, wani lokaci sai an aika wani wuri. In maiɗakinka tana so a duba ta ita kanta, ba sai an ɗebi jini ba don zaiba: ɗan gashi ake yankowa daga ƙeya, daf da fatar kai. Gashi na tsiro kamar santimita ɗaya a wata, saboda haka santimita ukun da ke kusa da fata za su nuna abin da ta ci a watanni ukun da suka wuce.